Rariyar Mai Rediyo

Mai karatu, in aka ajiye maka manhajar imel biyu aka ce zaɓi ɗaya, wacce za ka ɗauka? Ta farko abu biyu kawai take tambaya, adireshi da kalmar sirri, kafin ka gyara zama saƙonni sun fara zubowa. Ta biyu kuwa sai ta yi maka tambayoyi kamar za ta ba ka 'ya, amma in ka jure, komai nata a hannunka yake, daga girman baƙi har ƙarar da za ta yi in saƙo ya shigo. Kada ka yi saurin amsawa. Bari ka fara jin yadda aka kwashe tsakanin wani tsoho mai gyaran rediyo da jikarsa.

"Lafiya ƙalau, sai dai yunwa, tunda amaryata ta koma auren kantin magani," in ji Mai Rediyo, ko kai bai ɗago ba.

"Auren kantin ya fi kwanciyar hankali. Shi ba ya ɓoye ƙwayar hawan jini a gwangwanin kusoshi."

Ita ce jikarsa ta fari. Tun tana goye yake kiranta Amarya, sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta har kantin da take harhaɗa magani a bakin babban titi. Yau da farar rigar aikinta ta faɗo shagon, tana haki. Shagon na nan yadda ta san shi: rediyo goma sha huɗu a jere a kan kantar shagon, uku ne kawai ke magana, ga benci ɗaya, ga kujerar tsohon da aka tokare ƙafarta da bulo.

Ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Asibitin ido ne suka kira ta, don lambarta ta bari a matsayin mai kula da shi. Sun ce tun farkon mako suka aika wa tsohon imel, an ba shi gurbin aikin cire yanar da ta rufe masa idon dama, ta kuma fara cin na hagu. A cikin saƙon akwai wurin da zai danna ya tabbatar zai zo. In ba a danna ba kafin a tashi aiki yau, gurbin zai koma hannun na bayansa, shi kuma ya koma ƙarshen layin da ya ci musu kusan shekara. Ta roƙi matar da ta kira ta tabbatar musu ta waya. Matar ta ce ba a hannunta yake ba, na'ura ce ke rufe gurbin da kanta.

Mai Rediyo ya ajiye ƙarfen narka dalma ya ce shi ba wani saƙo da ya zo masa daga asibiti. Da ya zo da ya ji, domin yanzu kwamfutarsa magana take yi.

"Wace kwamfutar taka? Wadda na ba ka aro?"

"Wadda kika zo da ita gidan miji. Ita kaɗai kika kawo, ko cokali babu, kuma har kina da bakin cewa aro."

Ta jawo ta daga ƙarƙashin kantar ta buɗe. Bara ta ba shi ita, tsohuwar tata ce. A ranar ta sa masa manhaja mafi sauƙi da ta sani, fara tas, da ƙaton maɓalli guda na rubuta saƙo, ta koma gida tana alfaharin kafin shayinsa ya huce ta haɗa kaka da duniya. Abin da ya buɗe yanzu ko kama bai yi da waccan ba. Fuskar baƙa ƙirin, rubutun rawaya, kowane baƙi ya kai kan ɗan yatsa. A sama ga maɓallai sun yi sahu. Ita kuwa ba ta iya ganin abu a jere ba ta ƙirga ba: ashirin da uku.

"Wannan kuma fa? Gaban jirgin sama ka saya?"

Tsohon ya gyara zama, da ma tambayar yake jira. Ya ce wani malamin makaranta da ya kawo gyaran lasifika ne ya faɗa masa sunanta, shi kuma ya sauko da ita da kansa. Ya yi ta fama da ita da gilashin ƙara girma a hannu, tana tambayarsa ta wace ƙofa saƙo zai shigo, ta wace zai fita, mece ce lambar kowace ƙofa, a bar kwafi a can ko a kwaso duka. Ya yi kuskure, ya goge, ya sake, har ta miƙa wuya.

"Sati nawa ka ɓata?"

"Ba na ƙirga lokacin da nake jin daɗi. Ke ce mai ƙirga numfashin mutane."

"Tawa ko tambaya ba ta yi maka ba."

"Ai shi ya sa na tsane ta. Ba ta tambaye ni komai ba domin ta riga ta yanke yadda zan zauna. Rediyo ce da aka liƙe a tasha ɗaya aka cire abin murɗawa. In aka kawo mini irinta gyara, cewa nake a kai wa yara su ɗaura mata zare su yi mota."

"Mai tasha ɗaya dai tana kama tasharta. Taka mai tasha ɗari ga shi ta ɓatar da guda ɗayan da muke nema."

Daga bayan bango telan da ke maƙwabtaka da su ya tsayar da kekensa ya ce wannan kam Amarya ta ci. Mai Rediyo ya ce ya kula da allurarsa, wandon da ya ɗinka masa har yanzu ƙafa ɗaya na gaishe da ɗaya daga nesa.

Amarya ba ta tsaya dariya ba. Ta duba akwatin saƙo: guda bakwai, babu na asibiti. Ta duba kwandon shara, ta duba inda tarkace ke taruwa, babu. Ta sake kiran matar asibiti ta roƙi a ƙara turowa, matar ta ce ga shi nan ta tura. Tsohon ya ɗaga yatsa a yi shiru. Cikin raɗa ya yi mata bayani cewa kowa da ƙararsa: in ɗansa da ke aiki a nesa ne, ƙahon babbar mota za a ji, in masu kawo gyara ne, ƙararrawa, in baƙo ne da bai sani ba, zakara zai yi cara. Suka kasa kunne. Ba ƙaho, ba ƙararrawa, ba zakara, sai keken tela da ya ci gaba da gudu.

"Ƙila asibitin ne ba su iya turawa ba," in ji shi. "A kawo mini na'urarsu in duba."

"Kai da ba ka ganin hancinka?"

"Hancina ba ya cikin abin da nake son gani. Ke ma da kin ga naki da kin fahimta."

A can kusurwar fuskar kwamfutar ta hango alamar tsohuwar manhajar, an tura ta lungu kamar takalmin da aka daina sawa. Ta danna. Nan take ta buɗe, fara fat, ba tambaya ba gardama. Saƙonni bakwai ɗin nan ne dai, na asibiti babu. Duk da haka ta juya masa fuskar cikin jin kai ta ce nan aƙalla mutum ya san inda ƙafarsa take, ya karanta mata na sama ta ji.

Ya sunkuyo. Ya ƙara sunkuyowa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ɗauki gilashin ƙara girma, ya ajiye. Hasken farin ya sa idon hagun ya kawo ruwa, ya goge da hannun riga.

"Ba na karanta rubutun yara," ya ce, ya koma ya jingina.

Ta shiga saitin manhajar don ta ƙara masa girman baƙi. Abu uku ta tarar: canza hoton bango, kunna sanarwa ko kashewa, sai fita. Ta fita ta sake shiga, wai ko na huɗu ya ɓuya. Babu na huɗu. Sai a lokacin ta tuna watannin da ya daina amsa mata saƙo, tana ta faɗa a gida cewa taurin kai ne, ta kuma tuna yadda amsoshin suka dawo kwatsam ba tare da ta tambayi dalili ba. Ta rufe manhajar a hankali.

"Wannan ragguwar ni ma ta ƙi ni. Mayar da mu jirginka, direba."

"Matuƙi ake cewa. An kai ki makaranta an yi asara."

Da baƙar fuskar ta dawo, sai wani abu ya tsaya mata a rai. Akwatinta ita ya haura saƙo dubu huɗu da ba a buɗe ba, rabinsu tallan kamfanonin magani ne. Ta yaya na tsohon da ke ba kowa adireshinsa ya tsaya a bakwai? Ta tambaye shi, wannan karon ba da tsokana ba.

Ya ce rariya ya kafa. Ya karɓi linzamin kwamfutar ya shiga wani lungu na saitin, hannunsa na tafiya ba tare da laluben ido ba, kamar yadda yake samun kusar bayan rediyo. Ga su nan a jere, kowace da sunanta. Ya ce aikin rediyo ne sak: tasha tana nan, abin da ke hana ka jin ta shi ne shuuu ɗin da ke kewaye da ita, ka tace shi sai murya ta fito. Wannan rariyar tana kama masu talla ta zuba su a shara. Wannan tana ware masu kawo gyara. Wannan ta 'ya'ya ce, wannan ta masu cewa ya ci kyautar da bai shiga gasarta ba.

Amarya ta jawo benci kusa. Ta tambaya ko ana iya tacewa da girman saƙo, ya ce ana yi. Da sunan kamfani fa? Ya nuna mata. In mutum ɗaya yana turo abin kirki da na banza fa? Ya ce sai a haɗa sharaɗi biyu, kamar yadda ake haɗa waya biyu a ƙafa ɗaya. Tambaya na haifar tambaya, har sai da ta ga inuwar ƙofa ta hau benci. Asibiti sun kusa tashi. A daidai nan ta lura hannun tsohon ya yi wani sauri da bai yi a baya ba, ya wuce ta ƙarshe.

"Koma baya. Wacce ce ta ƙasan nan da ka tsallake?"

"Ta maza ce."

"Kaka."

"Sirrin sana'a ne. Sai kin yi shekara bakwai kina share shago."

Ta zare linzamin daga hannunsa. Sunan rariyar da manyan baƙaƙe rawaya: Surutun Amarya. A ƙarƙashi an rubuta sharaɗin. Duk saƙon da ke ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin nan, magani, likita, asibiti, gishiri, hawan jini, a kai shi jakar Surutun Amarya, kuma kada a yi ƙara. Jakar kanta an cusa ta cikin wata jakar, an naɗe, yadda sai wanda ya san da ita zai gan ta.

Ko kunya tsohon bai ji ba. Ya ce da farko da sunanta ya kafa tarkon, amma sai ta zama kamar tashar da ba ta da lasisi: yau ta turo da adireshin gida, gobe da na kanti, jibi da na abokiyar aikinta. Sai ya zauna ya yi tunani irin na masu sana'a. Tasha tana iya canza suna, muryarta ce ba ta canzawa. Ya tattara kalmomin da ba ta iya rubuta layi biyu ba tare da su ba, ya zuba a rariya, tun daga ranar ko ɗaya bai tsallake ba.

"Ko ɗaya kuwa," in ji ta. "Har da na asibiti."

Ta buɗe jakar. A can sama ga su guda biyu, na farkon mako da na ɗazu, kowanne da kalmar asibiti a layin farko. Ta kai linzami kan shuɗin rubutun da ake dannawa, sai ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Bari. Idona ne."

Ta sakar masa. Ya danna, shafin asibitin ya buɗe da ƙananan baƙaƙe. Ya riƙe wani maɓalli ya murɗa linzami, rubutun ya kumbura har kalma uku suka cika layi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, ita kuwa ta cije nata don kada ta ce ya yi sauri. Ya sami wurin, ya danna. Koren rubutu ya fito cewa an tabbatar. Ba ta yarda da koren ba sai da ta kira matar asibiti, wadda ta ce e, sunansa ya hau, da ma kayanta take haɗawa za ta tafi gida. Amarya ta zauna a benci.

"Kin gani," in ji tsohon. "Ba abin da ya ɓata. Adanawa ta yi."

"Adanawa? Saura ƙiris ta adana maka makanta."

Da numfashinta ya dawo ta sake kallon jakar. A ƙarƙashin na asibitin ga nata nan, sittin da ɗaya. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta tsaya. Na wannan makon ne kawai ba a buɗe ba. Sauran duk an karanta, wasu ma an sa musu tauraro a gefe. Ta gane ɗaya, wanda ta rubuta masa lokacin da tari ya kwantar da shi, tana yi masa barazanar in bai sha magani ba za ta zo ta kwashe rediyonsa ta sayar a kilo.

"Su waɗannan taurarin fa?"

"Ita take sawa da kanta."

"Ai wannan ba ta yin komai sai abin da ka sa ta."

Mai Rediyo ya ɗauki ƙarfen dalma, wanda ya daɗe da hucewa, ya shiga goge bakinsa da tsumma kamar aikin gaggawa ne. Can ya ce shi dai ƙarshen mako yake buɗewa, in shago ya yi shiru, ya sha faɗan gaba ɗaya. Faɗa kullum kullum yana lalata masa hannu in yana aiki. In aka tara kuwa, har daɗin karatu yake yi, kamar wasan kwaikwayon rediyo mai jaruma ɗaya da ba ta gajiya.

Ta ce to yanzu za a goge rariyar. Ya ce sai dai a goge shi. Suka ja, tela na ba kowa gaskiya daga bayan bango. A ƙarshe ita ce ta tambaya ko ana iya kafa wata rariyar a saman wannan, wadda za ta fara kama duk abin da ya fito daga adireshin asibiti ta ajiye shi a gaba, kafin ta surutu ta gan shi. Ya dube ta da idon da ke gani, ya ce ashe asarar makarantar ba duka ba ce. Ya faɗa mata inda za ta shiga, ita ta rubuta. Da suka zo wurin zaɓar ƙara, ta ga an rubuta ana iya ɗaukar sabuwa.

"Kowace ƙara?"

"Kowace iri. Ba irin taku ba ce mai..."

Bai ƙarasa ba ta danna, ta matso da baki ta ce da iyakar muryarta: "Tsoho, ajiye ƙarfen nan, asibiti ne." Ta adana. Ta danna gwaji. Ashe kwamfutar a haɗe take da wata lasifika da ya gyara, muryar ta cika shagon ta fita titi, wani mai wucewa ya waigo, tela ya ce shi ma ya ajiye almakashi don tsoro.

Mai Rediyo ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har bulon ƙafar kujera ya goce, sai da ta riƙe shi.

"Na ji, kin ci," ya ce yana share ido. "Da makamina kika harbe ni. Abin da ke yi maka biyayya har ya taya ka cutar kanka, dole a sa masa mai tsawa a kai." Ya ƙara da cewa, don kada ta ce bai yi adalci ba, da wannan jirgin ta fara kawo masa bara, da tuni kwamfutar ta zama faranti. Ragguwar ce ta shigo da shi ɗakin, ko da ba ta ba shi wurin zama ba.

"Maimaita, tela bai ji ba."

"Ba a maimaita labarai sai an biya kuɗin talla."

Ta miƙe ta kakkaɓe farar rigarta, ta kai ƙofa, ta dawo. Ta ce gobe za ta kawo tata kwamfutar, ya kafa mata rariyar masu talla, amma ita ba ta da makonnin ɓatawa, shi zai amsa tambayoyin ƙofofin.

"Kawo. Amma ki sani, da zarar an wanke mini idon nan zan dube ki da kyau. In na ga shekara talatin ana cutata, aure ya mutu."

"Ka fara da madubi, ango. In ka tsira daga wannan, sai mu yi maganar tawa."

To, mai karatu, in akwai wani dattijo a gidanku da ka taɓa haɗa wa imel cikin gaggawa ka tafi kana yabon kanka, don Allah koma wurinsa a wannan makon. Zauna kusa da shi, ka ce ya karanta maka saƙon da ke sama, ka kalli yadda yake yi. Sannan ku buɗe saitin tare ku ƙirga abin da manhajar ta yarda ku canza. In ta ishe shi, bar masa ita. In ba ta ishe shi ba, ku gwada mai tambayoyin, kai ka amsa masu wuyar, shi ya zaɓi sauran. In kuma kuka kafa rariya, ku aika saƙon gwaji ku bi shi har inda ya faɗa kafin ka tashi.